Akun Hukuma

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana tsaye ne a gaban allo a babban ɗakin lacca, yana yanka iska da hannun hagu, yana ƙoƙarin gamsar da jama'a cewa gara jami'a ta soke jarrabawa baki ɗaya. A wancan zamanin ɗaliban ba su da yawa, kowa ya san fuskar kowa, kuma duk yammacin Laraba ƙungiyar muhawara kan cika ɗakin har bakin taga. Ita ƙawarta ce ta jawo ta, wata mai karatun likita da suke ɗaki ɗaya, wadda tun shekarar farko kowa ke kira Likita.

"Wane ne wannan mai zuba kamar an kunna rediyo?" Auta ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Bahago ke nan, ɗan sashen tarihi. Ba a taɓa kayar da shi ba."

Da aka ba 'yan kallo damar tambaya, Auta ba ta san lokacin da ta miƙe ba. "Mai girma shugaban zama," ta ce, "ina so in sani, mai magana ya ga sakamakonsa na zangon da ya wuce ne kafin ya zaɓi wannan ɓangare?"

Ɗakin ya kaure da dariya. Bahago ya dafe ƙirji kamar wanda aka harba, shi ma yana dariya. "Harbin ya same ni. Amma a rubuta sunan maharbiyar, ƙungiya na bukatarta."

Kafin a tashi, wata 'yar takarda ta biyo hannu-hannu har ta iso gare ta, da rubutu mai karkata baya:

"Ban zaɓi ɓangare ba, ƙuri'a ce ta zaɓa mini, haka dokarmu take. Ki zo Laraba mai zuwa ki jefa hannu a hula. In kin ji tsoro ba zan faɗa wa kowa ba."

Ta juya bayan takardar ta rubuta: "Tsoron wa? Ka dai tanadi ruwan sha."

Mafarin ke nan. Ta shiga ƙungiyar, kuma kamar da gangan, duk lokacin da aka girgiza hula sai ƙuri'a ta jefa su ɓangarori biyu. Suka yi musu a kan dokar rufe ƙofar ɗakunan mata da wuri, suka yi a kan malaman da ke karanto tsohuwar lacca shekara da shekaru, suka yi a kan ko ya dace ɗalibi ya yi aure. In an tashi kuma sai a gan su a matakalar laburare, da kofin shayi ɗaya-ɗaya, suna ci gaba daga inda ƙararrawa ta katse su. Shi ya raɗa mata Hamayya. Ita kuwa Bahagona take ce masa, amma sai in ba kowa kusa.

"Hamayya, kin san ke kaɗai ce nake jin daɗi in kin ƙaryata ni?"

"To ai sai ka shirya, don ban ga ranar dainawa ba."

"Kada Allah ya kawo ranar."

Takardunsa ba su yanke ba. Wata rana ta buɗe littafin da ya ara mata ta tarar da wannan:

"Ƙudurin yau: cewa mai farin mayafi da ta wuce ni ɗazu ba ta ko waiwayo ba, ta yi zalunci. Ni ke goyon baya. Ana neman mai adawa."

Ta amsa: "Mai adawa ta waiwayo. Kai ne kake kallon takalminka."

A hutun ƙarshen shekara ta uku ta gaya wa mahaifinta cewa Bahago na son aurenta. Baba tsohon tafintan kotu ne, ya yi rabin rayuwarsa a tsaye tsakanin alƙali da masu ƙara yana juya maganar wannan zuwa harshen wancan. Ya saurare ta har ta gama, yana goge tabarau da gefen riga.

"Kin ce ƙuri'a ke zaɓa masa abin da zai kare?"

"Eh, Baba. Wasa ne na koyon magana."

"Kuma yana cin nasara ko wane ɓangare aka ba shi?"

"Kusan kullum," ta ce da alfahari, ba ta lura da ramin da take taka ba.

Baba ya mayar da tabaransa. "Auta, na ga irinsu a kotu, masu sa baƙi ya koma fari kafin azahar. Mutumin da zai iya kare abin da bai yarda da shi ba har a tafa masa, ranar da ya zauna gabana ya ce zai riƙe ki amana, ta yaya zan san ba ƙuri'a ce ta faɗa masa ba?"

Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, Baba ya ce ta gama karatunta tukuna. Da ta ba Bahago labari sai ya yi murmushi ya ce, "Hujjar Baba tana da ƙarfi. Ki bar ni in nemo amsarta." Ta ji haushin yadda ya ɗauki abin da sauƙi, amma ta haɗiye.

A shekararsu ta ƙarshe raɗe-raɗi ya cika jami'a cewa hukuma za ta rufe babban ɗakin cin abinci, inda kowane ɗalibi ke cin sau uku a rana ba tare da ya biya ba. Ga 'ya'yan masu hali wannan ba komai ba ne. Ga irin su Likita, wadda ubanta ya rasu tana ƙarama, ɗakin nan shi ne abin da ya sa karatun ya yiwu. Ƙungiyar muhawara ta sa batun a jadawalinta, kuma aka ce har shugaban jami'a zai halarta.

Shugaban ƙungiyar ɗalibai, wani ƙaƙƙarfan saurayi mai murya kamar ganga da kowa ke kira Shugaba, shi ya riƙe hular a ranar. Auta ta ciro adawa. Bahago ya buɗe tasa takardar, ya daɗe yana kallon rubutun. Shi zai kare rufe ɗakin.

"Ka sassauta," ta ce masa da suka fito. "Ba na ce ka yi shiru ba, amma kada ka zuba ƙarfinka duka."

"Hamayya, in na yi da gangan na faɗi, na yaudari duk wanda ya zo saurare. Kuma ke ma na raina ki."

"Wannan ba batun takalmi da mayafi ba ne. Cikin mutane ne."

"Shi ya sa ya kamata su ji hujjar ɗaya ɓangaren daga bakina yau, su shirya mata, kafin su ji ta daga bakin hukuma gobe. Ni ma fa a ɗakin nan nake ci."

"To ka yi abin da ka ga dama."

Ya kuwa yi. Auta ta yi magana mai kyau, ta ambaci marayu da 'ya'yan manoma, aka tafa mata. Sai Bahago ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya yi maganar tukwanen abinci da ake zubarwa a bayan kicin duk safiya, da 'ya'yan attajirai da ke karɓar rabonsu su bar shi a tebur, da rufin laburare da ke yoyo a kan littattafan da ba a sake saye ba tun kafuwar jami'a. Ya rufe da cewa, "Mun zo nan ne da yunwa iri biyu. Jami'ar da ta ƙosar da ciki ta bar kai da yunwa, gidan abinci ce mai allo."

Ɗakin ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke, har da waɗanda maganar ba ta yi wa daɗi ba. Alƙalai suka ba shi nasara. Shugaban jami'a ya miƙa masa hannu a gaban kowa. Auta ta fice ta ƙofar baya, ba ta tsaya a matakalar laburare ba.

Ba a yi nisa ba sanarwa ta fito a allon kowane sashe: an rufe ɗakin cin abinci daga zango mai zuwa. Hukuma ta daɗe da yanke shawararta, kowa mai hankali ya san haka. Amma a tsakiyar sanarwar sai ga kalmomin Bahago an ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, an ce ga abin da ɗalibai da kansu suka faɗa.

Aka kira gangami a filin ƙwallo. Shugaba ya hau tebur ya yi ta tsawa, sannan ya miƙa wa Auta lasifika, tunda ita ce ta kare ɗalibai a muhawara. A gaba-gaba ta hango Likita idanunta sun yi ja. Can gefe kuma, kusa da ragar gola, ta hango Bahago tsaye shi kaɗai ya harɗe hannuwa. Haushin kayen da ya yi mata, da maganar Baba, da ihun jama'a, duk suka taru suka hau mata kai.

"Hukuma ba ta da baki," ta ce, "sai ta je ta sayo aku. Ta koya masa magana, ta ajiye shi a cikinmu. Ku gaya wa akun hukuma, mu ba ma cin littafi!"

Filin ya ɗauka. "Aku! Aku! Akun hukuma!" Tana kallo kawuna suka juya wajen ragar gola. Bahago bai gudu ba. Ya dube ta, kallo ɗaya, ba na fushi ba, irin kallon wanda ya taka matakala ya tarar babu ita. Sannan ya juya ya tafi a hankali.

Ta san da ƙuri'ar. Tana wurin aka ciro ta. Kalma ɗaya daga bakinta a lasifikar nan da ta isa, amma tafin ya yi mata daɗi, ta sauko ana ɗaga mata hannu.

Magana zarar bunu ce. Kafin yamma an jefo katifarsa da littattafansa daga bene. Aka zana tsuntsu a ƙofar ɗakinsa. In ya shiga lacca sai a fara kukan aku daga baya har malami ya gaji ya fita. 'Yan ƙungiyar muhawara, da suka san gaskiya, kowa ya ja bakinsa ya yi gum. Ranar da wani ya jefe shi da dutse a hanyar laburare ya fasa masa goshi, Auta ta ruga asibitin jami'a, aka ce an ɗinke shi ya tafi. Ta je ɗakinsu, ta tarar da gado ba shimfiɗa. Saura kaɗan a fara jarrabawar ƙarshe, kuma bai dawo ya zauna ta ba.

Ɗakin abincin bai sake buɗewa ba. Likita ta ƙarasa da ƙyar, da taimakon wani kawunta. Auta ta karɓi takardar digirinta, ta samu aikin koyarwa a wata makarantar 'yan mata, ta koma gidan Baba. Da ya ji labarin sai ya ce, "Ban faɗa miki ba?" Ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne, sai ta ga ba ta da fuskar faɗa.

Shekaru suka ja. Shugaba, wanda yanzu ya zama babban ma'aikaci mai mota, ya fara zuwa gidan neman aurenta. Baba ya so shi, ya ce ga mutum mai magana ɗaya. Yayyenta suka sa ta gaba: "Auta, kullum sai ki ce ba yanzu ba. Sai yaushe?" Har ta fara saukowa. Wata rana suna zaune a falo, Shugaba na ba Baba labarin zamanin jami'a, sai ya gangaro kan katifar da aka jefo daga bene. Yana ba da labarin yana dariya har da buga cinya.

"Abin dariyar, Baba, ni na riƙe hular da ya ciro ƙuri'ar. Bawan Allah ko sisin hukuma bai taɓa gani ba. Amma gangami sai da wanda za a nuna da yatsa, kuma Auta ta ba mu suna mai kama baki."

Baba bai yi dariya ba. Auta ta tashi ta ɗauke tiren shayi, ta kai kicin, ta tsaya gaban famfo har ta ji tashin motarsa. Washegari ta aika masa cewa ya yi haƙuri.

A wata shekarar ne shugabar makarantarsu ta aike ta maɗaba'a da takardun jarrabawa. Wuri ne ƙarami a bayan kasuwa, mai warin tawada da man inji. Mai wurin ya nuna mata wani tebur a lungu. "Ki kai wa ɗan ƙanwata, shi ke duba kurakurai."

Mutumin ya sunkuya a kan takarda, jan biro a hannun hagu. Ya ɗago. Ga tabon a goshi, ga furfura ta fara leƙowa a gefen kunne.

"Hamayya," ya ce, kamar jiya suka rabu. Sai kuma ya gyara, "Malama. Sannu da zuwa."

Ta zauna a kan wani ɗaurin takardu. Duk jawabin da ta shekara tana shiryawa a zuci ya watse. "Na san da ƙuri'ar," ta ce. "Na sani, amma na faɗi abin da na faɗa."

"Na san kin sani."

"Me ya sa ba ka tashi ka kare kanka ba? Kai da ba a taɓa kayar da kai ba?"

Ya juya biron a yatsunsa. "Da na hau teburin nan, da sai na ce ke maƙaryaciya ce a gaban mutane dubu. Kuma da sun yarda da ni, don na iya. Sai na ga ba na son wannan nasarar." Ya ajiye biron. "Ni ma ina da nawa laifin. Kin ce in sassauta, na ƙi, don ina son a ce na iya. Likita fa? Ta gama?"

"Ta gama. Tana asibitin yara."

"Alhamdu lillahi. Wannan ya daɗe yana damuna."

Ta tambayi mahaifiyarsa, wadda a da takan aiko mata da gaisuwa tana kiranta surukata tun ba a je ko'ina ba. Ya ce ta rasu shekara biyu bayan ya dawo gida. "Ta yi ta tambayar ki. Na ce mata karatu ya riƙe ki."

Nan Auta ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar gangami. Bai hana ta ba. Da ta lafa ya miƙo mata hankici duk tabon tawada, ya ce, "Akwai kuskure biyu a shafinku na farko. Sai kin dawo jibi."

Ta dawo jibin, ta kuma dawowa. Da aka kwana biyu ya ce zai je ya ga Baba.

Lokacin idanun Baba sun yi rauni, jarida ma sai dai ya riƙe ta don sabo. Ya karɓi Bahago a falo, ya ce, "To, ga ni. An ce kai gwanin magana ne. Gamsar da ni."

"Baba, ba ni da abin faɗa. In na yi magana mai daɗi za ka ce sana'ata ce, kuma ba ka yi laifi ba. Ina son ta. Iyakar abin da na zo da shi ke nan."

"Bai isa ba."

"To, Baba." Ya dubi jaridar da ke cinyar tsohon. "Ko in karanta maka kafin in tafi?"

Daga ranar, duk yammacin da ya tashi daga aiki sai ya biyo. Ya karanta labarai, ya karanta sanarwar rasuwa, Baba na tsayar da shi yana cewa wannan na san ubansa. Bai sake tayar da maganar aure ba. Auta na jin muryarsa daga kicin, a kwance, ba hawa ba sauka, ba irin wadda ta sani ba. Wani lokaci Baba kan ja shi da gangan: "Kai me ka gani a wannan batu?" Sai ya ce, "Ban san isasshe a kai ba, Baba." Damina ta zo ta wuce yana zuwa, wata rana a jiƙe sharkaf, jaridar a cikin riga don kada ta lalace.

Wata yamma bayan ya tafi, Baba ya kira ta.

"Auta, aikina ya koya mini jin muryar mai ƙarya ko ban ga fuskarsa ba. Na daɗe ina kasa kunne a kan yaron nan, ban ji ba." Ya lalubo hannunta. "Na yi masa hukunci ban saurare shi ba, abin da ko alƙalin banza ba ya yi. Ke kuma kin yi naki. Mun ci masa shekaru. Ki ce ya turo kawunsa."

Aka ɗaura aure a cikin 'yan uwa, ba wani taro mai yawa ba. Da yamma aka yi 'yar liyafa a tsakar gida. Likita ta zo da 'ya'yanta uku, ta rungume Auta tana cewa, "Sai yanzu, don Allah? Har na fid da rai." Wasu tsofaffin 'yan ƙungiyar muhawara ma sun zo, sun yi ƙiba, suna gaisawa da ango suna kauce wa idonsa. Ɗayansu, don ya wanke kunya, ya buga cokali a kofi ya ce, "Jama'a, ku ba ku san wane ne wannan ba. A zamaninmu in ya miƙe ko ƙuda ba ya motsi. Ango, sai ka ce wani abu!"

Aka yi ta tafi. Bahago ya miƙe. Auta ta ga hannunsa na hagu ya ɗan ɗago daga gefensa, ya tsaya a iska, sannan ya koma ya kama bayan kujera. Ya dubi jama'a, ya dubi Baba, ya dube ta.

"Na gode," ya ce. "Allah ya saka wa kowa da alheri."

Ya zauna. Mutane suka yi dariya suka ce kunyar angonci ce. Hawaye suka zubo wa Auta, mata suka ce ai amarya ba ta rasa kuka. Ita kaɗai a wurin ta san abin da aka rasa, ta kuma san wa ya jawo. Ya sunkuyo ya ce mata a hankali, "Ya isa haka. Abincinki zai huce."

Baba ya sa aka kamo hannunsa aka kawo shi inda suke. Ya ɗora tafinsa ɗaya a kan Auta, ɗaya a kan mijinta.

"Allah ya yi muku albarka. Abin da ya wuce ba ya dawowa, Allah ya sa albarka a abin da ya rage. Ya ba ku zuri'a masu faɗin gaskiya, masu kuma sauraron mutum kafin su yanke masa hukunci."

Tsakar gidan ta amsa da amin. Bahago ya amsa, Auta ma ta amsa, ta goge fuska da gefen mayafi, ta jawo farantin ta ajiye a tsakaninsu.